Hancin Dikko

Duk Bahaushen da ya sauka Doha yana neman inda zai ci abinci ba tare da an cuci cikinsa ba, wurina ake turo shi. Sunana Dikko, mutumin Malumfashi, ina tuƙa motar wani kamfani a West Bay. Amma ba wanda ke ce mini Dikko Direba. Dikko Hanci ake kirana, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba, domin hancin da guminsa ya samo shi.

Ni ba na ɗanɗana abinci kafin in yanke masa hukunci. A bakin ƙofa nake tsayawa in ja iska. In man suya ya kwana a kasko, zan gaya maka. In shinkafar jiya ce aka ɗumama aka watsa mata ganye don a rufa mata asiri, zan gaya maka. Masahudu abokina, ɗan Zangon Kumasi da ke gadi a ɗaya daga cikin dogayen benayen West Bay, yakan tsokane ni ya ce ai hanci bai san daɗin gishiri ba. Ni kuma in ce masa wannan hancin mutanen Ghana ne.

In shayin karak kake so, wato mai kaurin nan da ake dafawa da madara da kayan ƙamshi, ce maka zan yi kada ka kuskura ka shiga shagunan gilashin nan na Mushairib, inda za a ba ka ruwan ɗumi a kofin takarda a rubuta sunanka a jiki kamar ka zo asibiti. Ka zagaya ta baya ka nemi Kunji ɗan Indiya, a shagon da bai fi akurkin kaji ba. In wake da mai kake marmari, akwai wasu 'yan Sudan kusa da tashar jirgin ƙasa, ka je da safe kafin tukunya ta kai gindi. In kuwa nama ne, magana ta ƙare a wurin Abu Salim ɗan Yaman, a wani lungu na Al Mirqab. Rago yake turarawa a rami ya ɗora kan shinkafa, su ce mandi. Na sha rantsuwa da wurin nan, na tura masa mutane kamar da ni aka haɗa jari.

Sai korona ta zo ta yi mini abin da maƙiyi bai taɓa yi mini ba.

Zazzaɓin ma ba wani abin a zo a gani ba ne. An killace mu, mun sha magani, an sallame mu. Amma na fito ba hanci. Ko tukunyar miya ka kifa mini a fuska, ba abin da nake ji. Na yi ta addu'a Allah Ya dawo mini da shi, sai dai ban faɗi irin wanda nake so ba. Bayan 'yan watanni ya dawo, amma wallahi ba nawa aka dawo mini da shi ba. Nama ya koma warin kwata. Albasa in ana soya ta, sai ka ce an cinna wa tsohuwar taya wuta. Karak ɗin Kunji, da a da nake iya tsallake gari saboda shi, ya zama kamar ruwan wanke-wanken da ya kwana a bokiti. Ƙwai kuwa kada ma a yi maganarsa. Likitan kamfani ya ɗaga kafaɗa ya ce in yi haƙuri, wasu yakan gyaru, wasu kuma sai a hankali. Na koma rayuwa a kan busasshen burodi, da farar shinkafa ba mai, da madara mai sanyi.

Ban gaya wa kowa ba sai Surajo abokin kwanana, wani ƙato mai aikin gadi, shi ma don ba yadda zan yi ne, ɗaki ɗaya muke. Me zan ce? Direbobi a Doha sun fi yashi yawa, amma mai hanci ɗaya ne. In aka cire mini hancin, me ya rage, lasin tuƙi? Takunkumin fuska ya rufa mini asiri. Kowa na sa shi don tsoron cuta, ni ina sa shi don tsoron abinci. Mutane suka ci gaba da bugo waya suna tambaya, ni kuma na ci gaba da tura su inda na sani a da.

Ana cikin haka Nasiratu ta shigo rayuwata, kuma ta ƙofar da ta fi kowace muni ta shigo, wato da kular abinci.

Ƙanwar Masahudu ce. Tana aiki a wani shagon gyaran gashin mata a Al Mirqab, tana zaune tare da yayanta da matarsa. Da Masahudu ya ga na rame kamar kazar da ta sha ruwan sama, sai ya kai labari gida. Ranar Juma'a bayan masallaci ya miƙo mini kula ya ce, “Ƙanwata ta ce a kawo wa mai hanci, ya faɗa mata gaskiya.”

Na kai ɗaki na buɗe. Tuwo ne da miyar ayoyo, wadda mu muke ce wa lalo, da jar miya a gefe da nama. Ido ya ce wannan girki ne na wadda ta san hannunta. Hanci ya ce an buɗe masai. Na rufe da sauri na fita baranda ina haɗiyar yawu.

Surajo ya ce, “To, zubarwa za a yi?”

“Ci,” na ce masa. “Amma ka ci da hankalinka, akwai tambayoyi.”

Ya cinye har da suɗe kwano. Na zaunar da shi kamar ɗan sanda. Yaya gishiri? Daddawa ta fito? Naman ya yi laushi ko sai an ja? Da yamma na buga wa Nasiratu waya na juye mata duk abin da ya faɗa, na ƙara da nawa gishirin. Ta yi wata dariya da har yanzu in na tuna sai ƙirjina ya motsa. Ta ce, “Kowa zai iya cewa da daɗi, Yaya Dikko. Amma tunda kai ka faɗa, yau zan yi barci.”

Daga ranar kula ba ta sake fashin Juma'a ba. Yau shinkafa da wake irin tasu mai ja, da baƙin yajin nan mai kifi da suke ce wa shito, wani makon dambu, wani makon farfesu. Surajo ya yi kumatu har ya sake rigar aiki. Wata rana ya ce citta ta ɗan yi yawa, na faɗa mata, ta rage. Wata rana ya ce shi dai da an ƙara attarugu, na faɗa mata, ta ƙara. Yarinya tana tashi tun da sassafe a ranar hutunta ɗaya tak tana gyara girki don ya dace da bakin wani ƙaton mai gadi da ba ta ma taɓa gani ba. Ina sane, kuma abin na cin raina. Amma kowace Juma'a sai in ce bari dai hancin ya gyaru, in ya so in ci da kaina, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Na ƙara wa kaina wata wahalar. Da magana ta fara nisa tsakaninmu, na je kasuwa na ce wa mai turare ya ba ni wanda mata suka fi so. Ta ji daɗinsa ƙwarai. Duk ranar da zan je gaishe ta a falon yayanta sai ta fesa shi, ni kuma in zauna cikin takunkumi ina kallon fuskar da na fi so a duniya, ina shaƙar warin ƙonannen gashi da kananzir.

Aka kai shekarar gasar ƙwallon duniya. Gari ya cika ya batse. Kowa ya yar da takunkumi sai ni, ina cewa ƙirjina bai gama warwarewa ba. Ko'ina ka juya suya ake, ko'ina hayaƙi, kowane lungu an kafa rumfa ana sayar wa baƙi abin da ko akuya za ta yi tunani kafin ta ci. Mai lafiyayyen hanci ma ya ji jiki, balle ni. Ga kuma Masahudu, tun da Ghana ta fitar da mu a Abuja ya hana ni sakat. Kullum sai ya ce, “Ku 'yan Najeriya kun zo gasar ne, ko tuƙa waɗanda suka zo kuka zo yi?” Waya kuwa ba ta hutawa. Kowa ya yi baƙo sai ya tambayi Dikko Hanci, ni kuma in ce Abu Salim, Abu Salim, alhali rabona da taka lungun tun kafin korona. Wani direba mai suna Shamsu ya taɓa ce mini wurin ya canza. Na ce masa bakinsa ne ya canza, ya je ya wanke.

A cikin 'yan kallon da suka zo daga Ghana har da kawun Nasiratu, Alhaji Dramani. Mahaifinsu ƙanensa ne, tunda ya rasu shi ne waliyyinta, kuma maganar aurenmu a bakinsa take. In ya ce e, an gama. In ya ce a'a, Nasiratu ba za ta tsallake maganarsa ba, ta gaya mini haka tun farko. Mahauci ne a Kumasi, dattijo mai faɗin ƙirji, yana yawo da babbar riga da gyalen tutar Ghana a wuya ba ko kunya.

Masahudu, Allah Ya shirye shi, ya riga ya cika masa kunne da labarin hancina. Washegarin ranar da Ghana ta ci Koriya, dattijo na cikin nishaɗi, ya aiko a ce mini bayan azahar in kai shi inda nama ya fi daɗi a garin nan, a can za mu gana.

Ban tsorata sosai ba, domin ina da dabara. A wurinmu ɗan mutunci ba ya cin abinci a gaban suruki. Ko yunwa za ta kashe ka, sai ka sunkuyar da kai ka ce alhamdu lillahi. Na ce shi ke nan, zan kai su, in zauna a gefe cikin ladabi, su ci su yaba, a ce yaron nan akwai kunya. Har na fara jin kaina mai wayo.

Tun daga bakin lungu na ga abin da ya kamata ya mayar da ni. An sake allon ƙofa, an rataye tutoci, an kafa talabijin a kowace kusurwa. Na tambayi wani ma'aikaci ina Abu Salim. Ya ce ai tsoho ya koma ƙasarsu tun lokacin cuta, wasu ne suka sayi wurin. Ya ce, “Yalla, ku shiga, akwai wuri.”

Masahudu ya dafa ni ya ce, “Kawu, ka tsaya ka ga yadda yake yi.” Dole na tsaya a bakin ƙofa, na ɗan janye takunkumi na ja iska. Wari ya doke ni har cikin ƙwaƙwalwa, kamar an buɗe kwatar mahauta da tsakar rana. Amma ai haka nake ji a ƙofar kowane gidan abinci, haka nake ji in an buɗe kular Nasiratu. Na lumshe ido na gyaɗa kai a hankali, na ce, “Hannun bai canza ba.”

Alhaji Dramani ya dube ni. Ya cire takalmi ya shiga.

Muka zauna a kan darduma. Aka kawo faranti kamar murfin rijiya, shinkafa jawur, nama a kai yana ƙyalli. Na ja da baya na naɗe ƙafa na sunkuyar da kai.

“Bisimilla,” in ji Alhaji.

“Alhamdu lillahi, Baba. Ku ci, ni na ƙoshi.”

“Ka ƙoshi da me?”

“Baba, a wurinmu ba a ci a gaban manya irinku.”

“Wannan a Katsina ne,” ya ce. “Ni ɗan Zango ne. Kuma ban zama surukinka ba tukuna, kada ka yi mini riga malam masallaci. Ni ba na ba da 'ya ga mutumin da ban ga yadda yake cin abinci ba. Cire ƙyallen nan ka wanke hannu.”

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na cire takunkumi, na wanke hannu, na matso. Na gaya wa kaina cewa warin nan ƙarya ne, ciwona ne, naman Abu Salim ne da na sani, kuma Nasiratu na can tana jiran labari. Na yanko tsoka na haɗa da shinkafa na kai baki.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba tare da na ɓata maka cin abincin yau ba. Naman ya narke a harshe da wani irin santsi, ɗan tsami-tsami na biye da shi. Maƙogwarona ya rufe ƙofa, na tura da ƙarfin tsiya. Hawaye ya cika mini ido, na ce yaji ne. Na ƙara loma, na ƙara wata. Don in nuna ni gwani ne har da fasa ƙashi ina zuƙar ɓargo. Saboda idona ya rufe, ban lura ba cewa Alhaji ya ɗauki tsoka ɗaya ya danna ta da babban yatsa, ya kai hanci, ya ajiye. Ban kuma lura ba lokacin da Masahudu ya miƙa hannu kawunsa ya riƙe masa wuyan hannu. Daga baya Masahudu ya ba ni labari.

“Yaya ka ji shi?” in ji Alhaji.

“Baba, ai ba a magana. Ragon nan da safen nan aka yanka shi. Ɗan shekara ne, kuma ciyawa ya ci, ba dusa ba.”

“Haka hancin ya gaya maka?”

“Haka ya ce, Baba.”

“To ƙara.”

Na ƙara, Allah Ya isa tsakanina da wannan lomar.

Sai dattijo ya goge yatsunsa a hankali, ya ture farantin da bayan hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Yaro, tun ban yi gemu ba nake riƙe da wuƙa. Naman nan ya juya. Ya kwana ya ƙara kwana ba a cikin sanyi ba, aka wanke shi da ruwan tsami, aka danne shi da kayan ƙamshi. Tun daga bakin ƙofa na ji shi. Ko karen kasuwarmu sai ya shinshina ya wuce.”

Na tsaya da loma a hannu.

“Abu biyu ne,” ya ci gaba. “Ko dai masu wurin nan suna ba ka wani abu kana kawo musu 'yan'uwanka Musulmi su ci mushe. Ko kuma kai irin mutanen nan ne da za su haɗiyi ruɓa su ce zuma ce don a so su. Ban san wanne ya fi muni ba. Amma ko wanne ne, ba zan ɗauki 'yar ƙanena in ba shi ba. Masahudu, tashi mu je.”

Ya kira mai wurin ya gaya masa magana uku da Hausa, mutumin bai ji ko ɗaya ba amma ya fahimta sarai. Ni kuwa ko lungun ban fita ba cikina ya ce bai yarda ba. Na durƙusa a bakin titi, gaban wasu Turawa masu fenti a fuska, na mayar da ragon nan ɗan shekara mai cin ciyawa. Shekara biyu ina jin warin ƙarya ina gudu, ranar da warin ya zama na gaskiya kuma na zauna na cinye shi har da ɓargo.

Kwana biyu ina kwance, Surajo na dama mini ruwan gishiri da sukari yana cewa, “Da ka tafi da ni.” Na ce ya rufe mini baki ko in tashi. A rana ta uku bayan la'asar na lallaɓa na tafi gidan Masahudu. Na tarar da Alhaji a falo yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da ƙyar. Na ce, “Baba, akwai abu na uku da ba ku lissafa ba.” Na gaya masa yadda korona ta bar ni.

Ya ajiye carbinsa. Sai ya ce wa Masahudu ya kawo lemun zaƙi. Ya ɓare ya kai mini hanci. “Me ka ji?”

“Man fetur, Baba.”

Ya zaro fallen kilishi daga jakarsa, wanda ya zo da shi daga gida, na hannunsa. “Wannan fa?”

Na kau da kai. “Ku yi haƙuri, Baba. Irin na ranar nan ne sak.”

“Kilishina?”

“Ba bambanci.”

Sai dattijo ya fashe da dariya, har gyalen Ghana ya zame daga wuyansa. Ya yi ta yi yana share hawaye. “Wato warin da ya kore ni daga wurin nan, shi kake ji kullum? Kuma ka zauna ka ci, kana yi mini bayanin ciyawa?” Ya girgiza kai. “Kai wawa ne, ɗan Najeriya, amma ba macuci ba ne. Wawa kuwa ana iya zama da shi. Ni na janye maganata.”

Na fara godiya, ya ɗaga hannu. “Kada ka gode tukuna. Ba ni na yi ta dafa maka abinci ba.”

Na waiwaya. Nasiratu na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ban san tun yaushe ba. Alhaji ya miƙe ya ce shi zai je masallaci, ya ja Masahudu har bakin ƙofa, suka bar ta a buɗe.

Ba ta zauna ba. Ta ce, “Wa ke cinyewa?”

“Surajo. Abokin kwanana.”

“Cittar da ta yi yawa?”

“Shi ne.”

“Attarugun da na ƙara?”

Na sunkuyar da kai.

“Ko loma ɗaya, Yaya Dikko?”

“Na gwada, Nasiratu. Wallahi na sha gwadawa.”

“In ka buɗe kulata me kake ji? Kada ka gyara. Yau ɗaya ka gaya mini abin da hancinka ya ce, ba na Surajo ba.”

Na nemi wata kalma mai sauƙi, ban samu ba. Na ce, “Kwata.”

Ta gyaɗa kai kamar an gaya mata farashin tumatir. Sai ta dubi mayafinta, ta kama gefensa ta ɗan kai hanci. Ta fesa turaren nan, na ji shi tun shigowata.

“Wannan fa? Da ka saya mini?”

“Nasiratu.”

“Faɗa.”

“Ƙonannen gashi. Da kananzir.”

Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta bari ya zubo ba. Ta ce, “Ciwo ba laifinka ba ne, Allah ne Ya kawo. Da ka faɗa mini ranar farko, da na nemo abin da za ka iya ci. Amma kai sai ka bar ni ina soya albasa tun da asuba, ina murna, ina faɗa wa matan shagonmu cewa Dikko Hanci ya yabi miyata. Kana ramewa ina ganin ko ban iya ciyar da kai ba ne. Ka san abin da ya fi ba ni ƙyama? Ba ƙaryar ba. Daɗin da na riƙa ji ne.”

Ta juya za ta koma kicin, sai ta tsaya. “Akwai kulolina biyu a wurinka. Ka ba Yaya Masahudu ya kawo mini.”

Na mayar da kulolin. Alhaji Dramani ya koma Kumasi bayan an fitar da Ghana, kuma ko tsokanar Masahudu ban iya yi ba. Kafin ya hau jirgi ya ce shi ya ba da izini, saura na mai girki. Na buga mata waya ba ta ɗauka ba. Juma'a ta zo ta wuce ba kula, wata ta zo ta wuce. Surajo ya fara zama a bakin gado yana ajiyar zuciya kamar shi aka yi wa saki. Masu bugo waya suna tambayar inda za su kai baƙi kuwa, na ce musu hancin ya yi ritaya, su tambayi Shamsu. Labari ya zaga, yanzu har akwai masu ce mini Dikko Mushe. Na ji haushi, amma ban mutu ba.

An gama gasa, an sauke tutoci, gari ya koma yadda yake. Wata Juma'a muna fitowa daga masallaci Masahudu ya tare ni ya miƙo mini ƙaramar kula, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

“Ta ce in gaya maka ba ta huce ba,” ya ce. “Ta ce kai za ka ci, a gabana. Kuma ta ce kada ka kuskura ka ce da daɗi.”

Na zauna a inuwar bangon masallaci. Na cire takunkumi, na riƙe numfashi don sabo, na buɗe. Farar shinkafa ce, ba mai, ba albasa, ba nama, sai ɗan gishiri. An bar ta ta huce sarai don kada tururi ya taso. A gefe ga kindirmo mai sanyi a ɗan kofi.

Na saki numfashi a hankali. Ba wari.

Na ci da hannu, loma bayan loma, Masahudu na tsaye a kaina kamar mai gadin da yake. Ba ta da wani ɗanɗano, shinkafa ce kawai da gishiri. Na cinye tas, na kurɓe kindirmon, na bi ƙwayoyin da suka maƙale a gefe na tsince. Na mayar da murfin kular.

“To me zan ce mata?” in ji Masahudu.

Na miƙa masa kular. “Kada ka ce komai. Ka buɗe ka nuna mata.”